Ɗakin Ubanmu a Littafin Duba-gari

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na sha fura da natsuwa ba. In na zauna bakin kasuwar Shagari, "Ɗanjumma, yaya ƙasar Faransai?" In na shiga Boɗinga, "Ɗanjumma, ka gano gidan?" Mutanen da ko Illela ba su taɓa takawa ba su ne masu gyara mini labari tun ban kai tsakiya ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Aji uku na yi a firamare aka sallame ni, ni da malamin muka rabu kowa yana murna. Wanda ya ga rubutun ya karkace, ya tuna hannun ɗaure buhun albasa ne ya yi shi.

Ga abin da ya tashe ni. Ubanmu Garba mutumin Dandin Mahe ne. Ya tafi Yamai ci-rani zamanin Turawa, zama ya kama shi, ya aiko aka kai masa Innarmu, can ya rasu. Inna ta dawo gida da yayana Sidi yana ɗan shekara bakwai, ni kuma ina goye. Ni na tashi manomin albasa, Sidi ya zama malamin allo a Boɗinga, wanda yara da iyayensu ke tsugunawa su gaishe shi. Yanzu idanunsa sun tafi. Tun ina yaro yake ba da labarin gidan Baba a bakin kogi: zaure biyu, ɗakuna jere hagu da dama, ƙofa tana kallon gabas. Da ido ya mutu sai labarin ya ƙara yawa, don gidan nan shi ne abin da yake gani tar.

Ranar wata walimar sauka, Malam Sidi ya sake ɗauko zancen. Ila tela, wanda bai taɓa ɗinka wando ƙafafunsa suka zo daidai ba, ya ajiye ƙashin da yake tsotsa ya ce, "Malam, gidan ga naku kullum ƙara ɗaki yakai. Wa ya taɓa ganin ɗan ci-rani da zaure biyu? A ji tsoron Allah mana." Aka fashe da dariya, gaban ɗalibansa da iyayensu. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, muryar da ta fi ta kowa tashi tawa ce. Makaho kuwa ba ya ɓata murya.

Daga ranar Malam bai sake zama ƙofar gida ba. Karatu ya bar wa babban ɗalibinsa. Mutum ya shekara hamsin ana karɓar maganarsa ba a tambayar shaida, tela ya kira shi maƙaryaci, ƙanensa ya taya. Na je na ce masa zan tafi Yamai in kawo shaidar gidan. Ya ce, "Kai da ko hanyar masallaci sai an tuna maka." Bai hana ni ba dai. Ya ma sake karanto mini hanya: daga inda jiragen ruwa ke tsayawa, a wuce marina, a iske wata babbar kuka, a juya gabas.

Daga Shagari zuwa Sakkwato ba labari, mu huɗu a gaba har da direba, gwiwata ce ke taimaka masa canja giya. Labari a Illela ya soma. Ma'aikacin bakin iyaka ya ce in kawo takarduna. Na zazzage masa duk abin da ke aljihuna: katin zaɓe, katin ƙungiyar manoma, da katin asibitin da aka cire mini haƙori. Ya juya su ya ce me zan je yi. Na ce neman gidan ubana. Ya ce yaushe na bar gidan. Na ce ina goye. Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Haka na maimaita wa mutum huɗu, kowanne ya sha dariyarsa, sannan suka bar ni na wuce. Na ga wasu suna sa hannu aljihu kafin su wuce, ni da wautata na biya.

A Ƙonni na fara ganin abin takaici. Motarsu babba ce, kowace kujera da lambarta, kuma wai tana da lokacin tashi. Na leƙa na ga ko rabi ba ta cika ba, na ce ai da sauran zama, na tafi cinikin kilishi. Ina cikin tayawa sai na hangi motata tana fita tasha. Dattijo da furfura, kilishi a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa, ina bin mota ina rantsuwa. Da na shiga na ce wa direban wace irin mota ce ba ta jiran mutane. Ya nuna mini agogo. A ƙasarmu ko gwamna bai isa ya nuna wa dattijo agogo ba.

Hanya doguwa ce, ta Dogon Dutsi da Doso. Kowane shinge jandarma su sa a sauka duka, a bi layi da kati a hannu kamar masu karɓar taki. Ba sa wasa, ba sa amsa barkwanci. Na gwada ɗaya, na ce, "Samari, rana ta yi zafi." Ya dube ni kamar ni na kunna ta. Wanda ke kusa da ni a mota ya ba ni burodinsu, dogo kamar taɓarya, mai tauri kamar ita. Na gane dalilin da ya sa ba su cika dariya ba, haƙoran sun gaji.

Mai masaukina a Yamai Alhaji Manu ne, ɗan Sifawa, dillalin albasa da ya daɗe can har Hausarsa ta soma tsami. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a rumfar ajiya. Wato na yi tafiyar yini biyu, na ƙetare iyaka, don in kwanta cikin warin da na baro a gida. Abinci kuwa sai aka kawo mini kwaɗon zogale da dambu, ana yi mini bayani wai shi ne abin alfaharin gari. Abin da matanmu ke ci da hantsi kafin a ɗora tukunya, a can mai kwat da takalmi sau-ciki ke tsayar da mota ya saya. Na cinye dai, na nemi ƙari, don kada su ji kunya.

Da safe na sa babbar riga na nufi bakin kogi da kwatancen Malam a kaina. Kogi yana nan, shi kaɗai ne bai ci amanata ba. Ba marina, ba kuka, ba gidan ƙasa ko ɗaya. Benaye ne masu gilashi da kwalta mai faɗi da fitilu. Na yi abin da kowane mai hankali zai yi a baƙon wuri, na nemi gidan mai unguwa. Wani Buzu mai gadi yana dafa shayi a ƙofar wani bene ya ce, "Baba, unguwar da ba mai kwana cikinta, ina za ta samu mai unguwa?" Shi ya gaya mini an daɗe da rushe tsohuwar unguwar, an kwashe mutanen an watsa su bayan gari. Na ce to kukar fa. Ya ce bai iske ta ba. Ya ba ni shayi a ɗan kofin da ko kaza ba zai ƙosar ba, ya ce in ina son gidan da babu, sai in tafi inda gwamnati ke ajiye tsofaffin takardu.

Gidan takardun nan, ban taɓa shiga wurin da aka raina ni cikin ladabi kamarsa ba. A ƙofa aka karɓe jakata. Aka ce in tofar da goron da ke bakina. Aka nuna mini famfo in wanke hannu, ni da ko tuwo ba kullum nake yi wa haka ba. Ciki mutane zaune shiru kamar gidan makoki, kowa ya dafa mushen littafi. Na yi sallama da ƙarfi yadda aka koya mini, duk suka ɗago kamar na yi ashar. Takardun kuma duk da Faransanci. Boko na aji uku ya tsaya bakin ƙofa tare da goron.

Wani ma'aikaci ya kai ni wurin wata dattijuwa a lungu, ya ce ita ce wadda son tsohuwar unguwa ya zame wa cuta. Sunanta Madan Zalika, Bazabarmiya, tsohuwar malamar makaranta, da tabarau rataye a wuya da igiya. Gabanta wata takarda ce shimfiɗe mai faɗin tabarma, ta zana unguwar da aka rushe a kai, gida bayan gida, lungu bayan lungu. A unguwar aka haifi uwarta. Shekaru ta yi tana tono gidajen daga littafin filaye da littafin ƙidayar mutane da duk wata takarda da ta ambaci lambar gida. Na ce a raina, duniya ta ƙare, na baro malamai a Boɗinga na zo ɗaukar karatu wurin mace mai tabarau.

Ta ce, "Basakkwace, sunan tsohon naka?"

Na ce, "Garba. Garba na Dandin Mahe."

Ta ce, "Babu Dandin Mahe a littafin nan. Duk wanda ya fito daga wajenku, in Bature ya tambaye shi garinsu sai ya ce Sakkwato. Ko daga bukka uku ya fito."

Na so in yi musu, sai na tuna abin da na gaya wa Buzu mai shayi da ya tambaye ni garinmu. Sakkwato na ce masa.

Ta buɗe littafin ƙidaya. Garba Sakkwato har tara a unguwa ɗaya. Ta buɗe littafin filaye, inda ake rubuta masu gidaje, ta bi da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ko Garba ɗaya babu. Kafin in farfaɗo aka ce a tashi, rana ta yi tsaka, za a rufe a tafi cin abinci. Ƙasa guda ta kulle ƙofa don tuwon rana. Na koma rumfar albasa ina jin muryar Ila tela a kunnena.

Kashegari ta ce a cikin taran nan sai mun ware nawa. Ta tambayi sana'arsa, na ce Malam ya ce mutum ne mai rufin asiri. Ta ce wannan ba sana'a ba ce. Ta tambayi shekarar rasuwarsa, na ce shekarar da aka yi ruwa da yawa. Ta cire tabarau ta murza ido. Can ta ce, "Bar abin da ɗa ke faɗa a kan uba. Uwarku fa, me take yi masa mita a kai? Mace ba ta manta abin da ya ɓata mata rai."

Nan na tuna. Inna ba ta cika zancen Yamai ba, amma in ta ga na cika tsakar gida da irin albasa sai ta ce, "Halin ubanku sak. Har a birnin mutane sai da na rasa inda zan aje turmi, ya mai da tsakar gida fangali." Fangali shi ne ɗan filin da muke datsewa mu dasa albasa mu riƙa ba shi ruwa. Mutumin Dandin Mahe ko a saman kwalta ka ajiye shi, in ya ga danshi sai ya dasa.

Madan Zalika ta miƙe. Ta dawo da wani littafi mai baƙin bango wanda gara ta ɗanɗana gefensa. Ta ce littafin duba-gari ne, masu bin gidaje zamanin Turawa suna leƙa randa da kwata don sauro. Duk gidan da suka kama da laifi sai sun rubuta lambarsa da sunan mai laifin. Ta yi ta juya shafi har na fara gyangyaɗi. Sai na ji ta yi 'yar dariya ta hanci.

Ta karanta tana juya mini da Hausa. Garba Sakkwato, gida mai lamba arba'in da ɗaya, ya haƙa rami a tsakar gida yana tara ruwa don ban ruwan albasa, an ja masa kunne, an sa ya cike. Bayan shafi kaɗan, Garba Sakkwato, gida arba'in da ɗaya, ya sake haƙa ramin. Aka sake cikewa. Ya sake. A karo na huɗu suka kulle shi kwana biyu, mai rubutun ya ƙara da cewa mutumin ba ya jin magana. Ban taɓa ganin fuskar ubana ba, amma ranar nan na gane shi kamar ya shigo ya zauna kusa da ni.

Na ce, "Shi ne. Wallahi shi ne. A rubuta mini gidansa."

Ta ce, "Tsaya, ban gama ba." Ta sa yatsa ƙarƙashin layin. Gida arba'in da ɗaya na wata mata ne, Hamsatu mai sayar da kifi. Garba ɗan haya ne, ɗaki ɗaya, shi da mace da yara biyu. Sana'arsa ga-ruwa.

Ta jawo babbar takardarta ta nuna mini gidan. Zaure biyu. Ɗakuna jere hagu da dama. Komai yadda Malam ya faɗa, sai dai mai gidan.

Na matsa kusa na rage murya irin ta cinikin bayan rumfa. Na ba ta labarin Malam da Ila tela, na ce ba wani abu nake so ba, 'yar takarda ce mai hatimi da za ta ce gida arba'in da ɗaya na Garba ne. Hamsatu ta mutu, gida ya mutu, wa zai sani. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Hamsatu tana da jikoki. Kujerar da kake kai, ɗayansu ya zauna a kanta." Sannan ta ce an rushe wa matar gida sau ɗaya, ita ba za ta rushe mata na biyu ba. Ban taɓa jin kunya da Hausar Bazabarme ba sai ranar.

Abin da ta ba ni shi ne hoton shafin duba-garin, aka buga masa hatimi, ta rubuta fassarar a baya da manyan baƙaƙe saboda ta ga irin karatuna. Kafin in tashi ta ce yayan nawa me kuma yake tunawa. Na karanto mata marina da kuka da ƙofar da ke kallon gabas. Sai ga matar nan ta ɗauki fensir tana rubutu. Ashe littattafan Turawa ba su faɗi inda ƙofar take ba, kukar ma ba wanda ya taɓa ambata mata. Labarin da muka yi wa dariya a kan shinkafar walima, a nan da fensir ake tarbarsa. Ta tambayi sunan Inna da namu, ta rubuta mu cikin wani ɗan murabba'i a kusurwar gidan.

Ta kwatanta mini wurin na je. Filin ajiye motoci ne a gefen wani bene. Na ƙidaya taku daga bakin titi yadda ta ce, na tsaya tsakanin wata farar mota da wata baƙa, na ɗaga hannu ina yi wa Baba addu'a. Ban kai ƙarshen Fatiha ba wani mai kwat ya fito daga farar motar, ya saka mini sadakar tsabar kuɗi a tafin hannu, ya wuce yana waya. Na shafa addu'ata da ita a hannu. Gadon da na ci a gidan kenan.

A hanyar dawowa, daga Doso har Ƙonni, ƙarya nake ginawa. Na yi mata zaure, na yi mata ɗakuna. Malam ba ya gani, Ila ba ya jin Faransanci, takarda kuma ga hatimi. Sai in ɗaga ta a ƙofar gida in ce ga shaida, bayan takardar kuma ya zauna a tafin hannuna.

Na isa Boɗinga da hantsi. Na iske Malam a ɗaki zaune kan buzu, ya rame. Na gaishe shi, na soma: gida na nan a rubuce, zaure biyu, sunan Baba ɓaro-ɓaro, ga hatimin gwamnati. Ya bar ni na yi nisa sannan ya ce, "Ɗanjumma, wagga muryar da kaka sai da ruɓaɓɓar albasa ta. Mi anka rubuta?"

Na juya takardar na karanta, ina tuntuɓe a kan kowane baƙi. Ramin, da cikewa, da kwana biyu a kulle. Hamsatu mai kifi. Ɗaki ɗaya. Ga-ruwa.

Malam ya kai hannu ya taɓa kafaɗarsa ta dama ya ce, "Baba na da kanta a nan, tauri awa ƙahon sa. In ya ɗauke ni nan nika aza kai. Ban taɓa tambayar mi ya kawo ta ba." Sannan ya ce, "Kowane ɗaki na gidan ina shiga a ba ni abinci. Yaro ya ɗauka na ubansa na." Na ce to ai sai mu bar maganar a ɗakin nan, ni da shi. Ya ce in je in kira Ila, in kira liman, a shimfiɗa tabarma ƙofar gida bayan la'asar.

Mutane suka taru fiye da na walimar, don ba abin da ke tara mutanenmu kamar jin za a kunyata wani. Malam ya fito da sandarsa ya zauna inda ya saba. Ya ce shekara da shekaru yana gaya musu ubansa na da gida a Yamai, yau ya samu labarin ba haka ba ne. Gidan na wata baiwar Allah ne mai kifi, ubansa ɗan haya ne mai sayar da ruwa, duk wanda ya taɓa jin wancan zance daga bakinsa ya goge shi ya ɗauki wannan. Ya ce, "Ila, ka yi gaskiya, ɗan ci-rani bai yi zaure biyu ba." Ya sa na karanta takardar gaban kowa, har wurin da aka ce mutumin ba ya jin magana.

Ila ya zo da dariyarsa a shirye, ya rasa inda zai sauke ta. Ya yi ta gyaran hula yana cewa ai shi wasa yake yi. Ba wanda ya kula shi. Liman ya ɗaga hannu aka yi wa Garba ga-ruwa addu'a, aka haɗa da Hamsatu. Da gari ya waye, mai wucewa ta ƙofar gidan ya ji muryar Malam tana gyara wa yara karatu.

Da zan koma Shagari na ce ya ba ni takardar in adana. Ya ce tana cikin gafaka tare da littattafansa. Na ce, "Malam, takardar laifi ce fa, ta sauro da ramin albasa."

Ya ce, "Wata kas samo mai sunan Baba?"